Masu binciken da ba su da ofis: Abin da Najeriya ke asara

A ƙarshen watan Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan da ke kawo wutar lantarki Arewa suka lalace, jihohi da dama suka shafe fiye da mako guda a cikin duhu, waɗanda suka fara ji a jikinsu su ne masu sana'ar da ta dogara da sanyi. Masu ƙanƙara suka rufe shaguna, masu kifi da kaji suka yi ta zubar da haja, masu hali kuma suka koma ƙona dizal a farashin da ya cinye riba har da uwar kuɗi. Su kuwa 'yan gwari na Kwanar Gafan da 'Yan Kaba, abin bai zo musu da sabon darasi ba, domin da wuta da babu, duk kakar tumatir sukan zuba ido kwanduna na narkewa a gabansu kafin mota ta cika. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne, kimanin kashi 40 cikin 100 na tumatirin da ake nomawa a Najeriya yana lalacewa ne tsakanin gona da tukunyar miya.

Ɗaya daga cikin dabaru mafi sauƙi da aka taɓa samar wa ƙaramin manomi a kan wannan matsala, wani malamin darasin kasuwanci ne a Dutse ya fito da ita da albashinsa, kusan shekara 30 da suka wuce. Labarinsa, da na wasu irinsa a Maraɗi da Yatenga, yana tayar da tambayar da masu tsara kasafin kimiyya a ƙasar nan ba su cika tsayawa a kanta ba: idan mutumin da bincike ba aikinsa na ofis ba ne ya gano wani abu mai amfani, wace ƙofa zai ƙwanƙwasa a auna masa shi?

Tukunya cikin tukunya

Marigayi Mohammed Bah Abba, wanda aka haifa a 1964, ya taso ne a gidan maginan tukwane, ya yi karatun harkokin kasuwanci, sannan ya koyar a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Jigawa. Ba shi da ɗakin gwaje-gwaje, kuma a farkon aikin babu asusun da ya ware masa ko sisi. Jarinsa shi ne sanin yumɓu tun yarinta, da ɗan abin da ya riƙe na kimiyyar da ya karanta a makaranta, da yawan shiga ƙauyuka, inda yake ganin yadda ake sayar da kayan miya a wulaƙance don tsoron kada su kwana.

Dabarar ba ta da wuyar bayani. A samu tukwanen ƙasa biyu, babba da ƙarama, a zura ƙaramar cikin babbar, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin, a rufe bakin da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan yashin yana tsattsafowa ta jikin babbar tukunya, busasshiyar iska ta kwashe shi, kuma duk ruwan da ya tashi ya bi iska, da zafi yake tafiya. Ta haka cikin ƙaramar tukunya ke zama da sanyi da laima. Kowace uwar gida ta san randa na sanyaya ruwa. Abin da Bah Abba ya ƙara shi ne raba wurin ruwa da wurin ajiya, da maimaita gwaji har tukwanen suka dace, da ƙirga kwanakin da kowane irin kaya ke yi kafin ya lalace. A lissafinsa, yalon da ke ruɓewa cikin kwana 3 ya kai kwana 27, alayyafon da ba ya wuce yini ɗaya ya yi kwana 12, tumatir da tattasai kuma suka kai mako uku.

Tukwane 5,000 na farko da kuɗinsa ya sa aka gina, ya raba su kyauta a ƙauyuka biyar na Jigawa, a 1999 ya ƙara wasu 7,000. Da ya lura bayani da baki bai isa ba, sai ya shirya wasan kwaikwayo aka ɗauka a bidiyo, ana haska shi a dandalin ƙauye da janareta. Shi kansa ya fi ɗaukar ribar aikin a wani wuri dabam: gidan da kayan miyarsa ba sa lalacewa da wuri, ba dole ba ne ya tura yarinya talla kullum, don haka tana iya samun damar zuwa makaranta.

A shekarar 2000 ya samu lambar yabo ta Rolex mai ɗauke da dala 75,000, a 2001 mujallar Time ta saka tukunyar cikin fitattun ƙirƙire-ƙirƙiren shekara. Dabarar ta ƙetara zuwa Darfur ta ƙasar Sudan, daga baya kuma masu bincike na jami'ar MIT ta Amurka suka je Mali suka auna irin waɗannan tukwane da na'urori, suka tabbatar suna rage zafi sosai a lokacin rani. Sun kuma nuna iyakarta, wato ba ta da ƙarfi idan iska ta cika da laima, kamar a tsakiyar damina. Tukunyar ba za ta ɗauki tumatirin tirela ba, kuma ba ta maye gurbin ɗakin sanyi. Amma ta amsa tambayar gidan da ba shi da wuta, da kayan da ke hannun maginin ƙauye.

Dajin da ke ƙarƙashin gona

Misali na biyu yana tsallaken iyaka, a ƙasar Hausa ta Jamhuriyar Nijar. Bayan farin shekarun 1970, gwamnatoci da ƙungiyoyin agaji sun zuba kuɗi masu yawa a dashen itatuwa, amma akasarin tsiron da aka dasa rana da iska da awaki suka gama da su. A 1983, Tony Rinaudo, wani ɗan Ostireliya da ke aiki da ƙungiyar mishan a Maraɗi, ya tsaya a hanya don rage iskar tayar motarsa saboda rairayi, sai ya duba wani ɗan tsiro da ake ɗauka ciyawar banza ce. Ashe toho ne daga kututturen itacen da aka sare, saiwarsa na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Idan manomi ya zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi ya bari, ya sassabe sauran, ya kare su daga dabbobi, itacen zai dawo da sauri fiye da wanda aka dasa, domin saiwar ta riga ta kai ga ruwa.

Rinaudo ya ga abin, amma manoma ne suka mayar da shi ilimi. Na farkon da suka gwada sun sha dariya, domin a lokacin gona mai tsafta ita ce wadda aka share tas. Su suka gano itacen da ya kamata a bari da wanda zai danne gero, da yawan da gona za ta iya ɗauka. Sun fifita gawo, wanda ke zubar da ganye da damina, saboda haka ba ya yi wa shuka inuwa, yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne da rani. A yankin Damagaram, da yawa sun yi haka ne ba tare da wani shiri na waje ya je musu ba. Abin da ya daɗe yana taka musu birki shi ne doka, domin itace na hukuma ne, kuma ma'aikacin gandun daji na iya cin tarar mutum a kan reshen da ya sara a gonarsa. Da aka sassauta wannan, sai sassabin zamani, kamar yadda ake kiransa, ya bazu daga gona zuwa gona.

Sai bayan shekara 20 masana suka zo ƙirga. Daga wajen 2004, Chris Reij da Gray Tappan da Mahamane Larwanou suka kwatanta tsofaffin hotunan jirgin sama da sababbin hotunan tauraron ɗan'adam, suka ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 sun sake yin itatuwa, wajen itace miliyan 200. Babu wani shirin dashe a yankin Sahel da ya kai kusa da wannan.

A Burkina Faso kuwa, Yacouba Sawadogo ya bar kasuwancinsa a Ouahigouya wajen 1980 ya koma gona a lardin Yatenga, lokacin da wasu ke gudun fari. Ya ɗauki tsohuwar dabarar haƙa ramukan shuka da ake kira zai, ya faɗaɗa ramin, ya riƙa haƙawa tun da rani, ya zuba taki a ciki. Takin yana jawo gara, gara kuma tana huda ƙasa, ruwan sama ya samu hanyar shiga maimakon ya gudu. A kan faƙon da aka yanke ƙauna da shi ya raya daji mai gomman hektoci. A 1989 wasu manoman Illela ta jihar Tawa suka ziyarci Yatenga, suka dawo da dabarar, wadda ake kira tassa a can. Ba a daɗe ba faƙo ya yi kuɗi a Illela, mutane suka fara sayensa don gyarawa. Sawadogo da Rinaudo sun samu lambar Right Livelihood a shekara ɗaya, 2018, Sawadogo kuma ya rasu a watan Disambar 2023.

Me ya sa suke ganin abin da cibiyoyi ba su gani ba?

Ba don sun fi malaman jami'a basira ba. Bambancin yana cikin abin da kowa ke amsa wa. Malamin jami'a ana ƙara masa girma ne da yawan maƙalolin da ya wallafa a mujallun ilimi, kuma tambayar da mujallar ƙasar waje za ta karɓa ba lalle ta zama tambayar mai yalo a Ringim ba. Kuɗin bincike yakan zo da wa'adin shekara biyu ko uku, alhali itace na buƙatar goma kafin a ga amfaninsa. Ga kuma yajin aiki, irin na ASUU na 2022 da ya rufe jami'o'in gwamnati wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, wanda gwajin da aka faro ba ya jira.

Mai bincike na waje yana kwana yana tashi da matsalar, kuma idan dabararsa ta gaza, tukunyar gidansa ce za ta faɗa masa. Rashin kuɗi na tilasta masa amfani da abin da ke kusa, don haka abin da ya samar maƙwabcinsa na iya kwaikwaya ba tare da rance ba. Sai dai yana da nasa raunin, kuma babba ne. Sau da yawa ba ya rubutu, ba shi da na'urar awo, ba ya ware gona ɗaya ya bar ta yadda take don kwatanci, kuma yana iya ɗaukar sa'ar damina ɗaya a matsayin hujja. Abin da ya sani yakan bi shi kabari. Wannan rauni, cibiya ce kaɗai ke iya cike shi.

Ɗan kasuwar yadi da ƙungiyar masana

Tarihin kimiyya yana da tsohon misali na yadda ɓangarorin biyu ke haɗuwa. Antonie van Leeuwenhoek mai shagon yadi ne a garin Delft na ƙasar Holand. Bai je jami'a ba, bai kuma iya Latin ba, harshen da masana ke rubutu da shi a zamaninsa. Masu sana'arsa sukan duba saƙar yadi da gilashi mai ƙara girma, shi kuwa ya ƙware a haɗa irin wannan gilashi har ya samu mai ƙara girman abu fiye da sau 200. Daga 1673 ya fara aika wasiƙu ga ƙungiyar masana ta Royal Society da ke Landan, a 1676 ya rubuta musu cewa ya ga ƙananan halittu masu motsi a cikin ɗigon ruwa, waɗanda ido ba ya gani.

Masanan ba su yarda nan take ba, ba su kuma yi watsi da wasiƙar don ta fito daga kanti ba. Suka nemi shaida, ya aiko da takardun mutanen da suka leƙa suka gani, sannan a 1677 Robert Hooke ya maimaita gwajin da nasa kayan har ya nuna wa 'yan ƙungiyar halittun. A 1680 suka zaɓi mai shagon yadin ya zama ɗaya daga cikinsu. Daga wannan hanya ilimin ƙwayoyin cuta ya samo asali. Haka kuma a 1938, Guy Callendar, injiniyan tururi a Ingila, ya tattara bayanan tashoshin yanayi 147 a lokacin hutunsa, ya nuna duniya na ɗumama, ya danganta hakan da hayaƙin da ake ƙonawa. Manyan masana sun yi shakka, amma sun buga aikin a mujallarsu, shi ya sa na baya suka same shi.

Inda haɗarin yake

Duk wanda ya ratsa kasuwa ko tasha a Arewa ya ji lasifikar mai maganin da ke warkar da basir da ciwon suga da hawan jini a kwalba ɗaya. Shi ma yakan ce bincike ya yi, kuma yakan ce likitoci hassada suke masa. Idan aka ce a girmama binciken da ke wajen cibiyoyi ba tare da sharaɗi ba, irin waɗannan ne za su fara cin moriya, kuma mai ciwon da ya ajiye maganin asibiti shi zai biya da ransa. Lambar da hukumar NAFDAC ke bai wa yawancin magungunan gargajiya ma, shaida ce ta cewa an duba ba su da guba a matakin farko, ba hukunci ba ne cewa suna warkar da abin da aka rubuta a jikinsu. Masu saye da yawa ba su san wannan bambanci ba.

Hatimin hukuma shi ma ba ya mayar da zato gaskiya. A 2007 Shugaban Gambiya na lokacin, Yahya Jammeh, ya ce yana warkar da cutar ƙanjamau da haɗin ganyayyaki, aka sa marasa lafiya suka daina shan magungunansu, wasu suka rasa rayukansu. A 2020 Shugaban Madagaska ya tallata wani jiƙo a matsayin maganin korona, aka aiko wa Najeriya, amma da Cibiyar Binciken Magunguna ta Ƙasa, NIPRD, ta gwada shi a Abuja, ba ta samu hujjar cewa yana warkar da cutar ba. Fadar shugaban ƙasa ce ta tallata duka biyun. Ke nan ma'aunin shi ne ko an yarda wani ya gwada, ko daga ina maganar ta fito.

Ita wannan cibiya ta NIPRD tana da labarin da ya nuna yadda abin ke kasancewa idan aka bi hanya. A farkon shekarun 1990, wani limamin coci daga Oyo, Rabaran Paul Ogunyale, ya gabatar da haɗin da yake bai wa masu cutar sikila, wanda ya ƙunshi masoro da kanumfari da karan dafi da wani itace da Yarbawa ke kira osun. Cibiyar, a ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe, ta ƙulla yarjejeniya da shi a rubuce, ta daidaita awon haɗin, ta gwada shi a kan marasa lafiya, aka ga yana rage yawan tashin ciwon. Sunan Ogunyale ya shiga takardar haƙƙin mallakar maganin, wanda aka raɗa wa Niprisan. A ƙasar da ake ƙiyasin ana haifar jarirai kimanin 150,000 da sikila duk shekara, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Inda aka yi tuntuɓe shi ne kasuwanci: kamfanin Xechem da aka bai wa lasisi a 2002 ya fara sayarwa a 2006, ya durƙushe a 2008, maganin ya ɓace daga kantuna shekaru, sai a 2018 aka ba kamfanin May & Baker sabon lasisi. Duk da haka, darasin farko yana nan: an saurari mutumin waje, an gwada, an rubuta sunansa.

Kuɗin bincike da mai riƙe da makulli

Ƙasashen Afirka sun daɗe da yi wa kansu alƙawarin kashe kashi ɗaya cikin 100 na arzikin da suke samarwa a kan bincike. Najeriya ba ta kai ko rabin haka ba. Ɗan abin da ake da shi, mafi tsoka yana bi ne ta asusun TETFund, wanda dokarsa ta 2011 ta taƙaita shi ga jami'o'i da kwalejojin fasaha da na ilimi mallakar gwamnati. Hikimar hakan a fili take, domin makarantun suna cikin buƙata, kuma kuɗin jama'a na son wanda za a tuhuma. Amma sakamakonsa shi ne, tambayar farko da tsarin ke yi wa mai neman tallafi ita ce a ina yake aiki, kafin a zo ga me ya gano. Maƙerin Panteka da ya gyara injin casar shinkafa ya rage karyewar ƙwaya, ko manomin Kadawa da ya lura wani irin tumatir ya fi jure tsutsar da ake kira sharon, ba su da fom ɗin cikewa.

Akwai hukumomin da a takarda aikinsu ya shafi irin waɗannan mutane, kamar NASENI, da NOTAP mai taimaka wa masu ƙirƙira wajen rajistar haƙƙin mallaka, da Hukumar Renon Fasaha mai cibiyoyi a jihohi. Sai dai mai walda a Kakuri ko magini a Gumel da wuya ya san da zamansu, kuma abin da ya fi buƙata da farko shi ne wanda zai auna masa abin da ya haɗa ya faɗa masa gaskiya. Abin da aka saba gani kuwa shi ne biki: matashi ya haɗa wani abu, hotonsa ya zagaya a Facebook, wani babba ya kira shi ya ba shi kyauta a gaban 'yan jarida, bayan wata guda a manta. Ba a gwada ba, ba a rubuta ba, ba a kuma gaya masa inda ya yi kuskure ba.

Yanzu lokaci ne da ya dace a sake duba wannan. Sabuwar dokar haraji da aka sanya wa hannu a watan Yunin 2025 ta haɗe harajin ilimi da wasu harajoji a wuri ɗaya, kashi 4 cikin 100 na ribar kamfanoni, wanda za a riƙa rabawa tsakanin TETFund da NASENI da wasu hukumomi. Tun da ana sake zana hanyoyin da kuɗin zai bi, babu abin da ya hana a zana ƙaramar hanya ɗaya da za ta isa ga waɗanda ke wajen katanga.

Abin da wasu suka yi, da abin da za a iya yi

Indiya ta gwada wata hanya. A ƙarshen shekarun 1980, Farfesa Anil Gupta ya kafa wata ƙungiya mai suna Honey Bee, wadda ke tattara dabarun manoma da masu sana'ar hannu bisa sharaɗin a rubuta sunan mai dabara, a kuma mayar masa da sakamako a harshensa. 'Yan ƙungiyar sukan yi tattaki a ƙafa daga ƙauye zuwa ƙauye suna tambaya. A shekarar 2000 gwamnati ta kafa gidauniyar ƙasa a Ahmedabad don wannan aiki, wadda ke miƙa dabarun ga cibiyoyin bincike su gwada, ta taya rajistar haƙƙi, ta haɗa mai dabara da 'yan kasuwa. Cikin waɗanda ta tallafa akwai wani maginin tukwane na Gujarat, Mansukhbhai Prajapati, wanda ya ƙera firjin yumɓu mai suna Mitticool, mai aiki da irin hikimar tukunyar Bah Abba, ya kuma mayar da shi kamfani.

A gida ma akwai tushe. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta ƙulla alaƙa da masu sana'ar Panteka, inda ake gwada ƙwarewarsu a ba su takardar shaida ta ƙasa. Abin da ya rage shi ne a wuce daga tantance mutum zuwa tantance abin da ya ƙirƙira. Kowace kwalejin fasaha da tsangayar aikin gona na iya ware rana ɗaya a wata da za a karɓi mutanen gari da abin da suka haɗa, a auna, a ba su sakamako a rubuce da Hausa, ko ya yi daɗi ko bai yi ba. Asusun bincike na iya ware wani kaso da ba za a bayar ba sai malami ya zo da abokin aiki daga kasuwa ko gona, sunansa na cikin takarda, rabonsa na cikin yarjejeniya. Hukumomin jami'a kuma su lissafa irin wannan aiki cikin abin da ke kawo ƙarin girma, domin malami ba zai ɓata shekara a Panteka ba matuƙar ya san ba za a ƙirga masa ba.

'Yan kasuwa ba sai sun jira gwamnati ba. Ƙungiyar 'yan gwari da ke asarar miliyoyi duk kaka na iya sa kyauta ga duk wanda ya kawo hanyar da za ta ƙara wa kwando kwana biyar, da sharaɗin a gwada a gaban shaidu, kwando da kwando, a rubuta nauyi da kwanaki. Ma'aikacin gwamnati kuwa, sau da yawa shi ne ƙofar da kanta. Malamin gona ko jami'in ƙaramar hukuma da manomi ya zo masa da wani abu baƙo, yana iya sallamarsa da murmushi, yana kuma iya rubuta sunansa da ƙauyensa da abin da ya ce, ya miƙa ga cibiyar da ke Samaru ko Kano.

Tumatirin rani zai sake sauka a Kwanar Gafan, farashi zai faɗi, kwanduna za su narke kamar bara. A wani ƙauye na Kura ko Haɗeja, da wuya a rasa wanda ya riga ya fara gwada wata dabara a bayan ɗakinsa, da buhu da yashi da gawayi. Wataƙila tana aiki, wataƙila zato ne kawai. A yadda tsarin yake a yau, shi da hukuma duk ba su da hanyar sani.